Tambaya da Amsa: Zana Mutum Yana Tsaye a Gabanka

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗaliba ce ni a shekarar farko a sashen zane. Duk lokacin da aka tsayar mana da mutum mu zana, kai yakan fito min ƙato, ƙafafu gajeru, wani lokaci ma takarda ta ƙare ban kai ga sawu ba. Ina gyara?

Amsa: Daga kai kike farawa, kina gama ido da hanci kafin ki san inda ƙafa za ta tsaya. Fuska ce ta fi ɗaukar hankalin ɗan Adam, shi ya sa hannu ke ƙara mata girma ba a sani ba. Kafin komai, ki yi ɗigo biyu a takarda: ɗaya don tsakiyar ka, ɗaya don dunduniya, ki bar sarari kamar faɗin yatsu uku sama da ƙasa. Sai ki raba tsakaninsu biyu. A jikin baligi rabin tsawo yana faɗawa ne a kan ƙashin mara, ba a cibiya ba, kuma a nan ne masu koyo suka fi cinye tsawon ƙafa.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne tsawon kai, daga tsakiyar ka zuwa haɓa. Baligi yakan kai kai bakwai da rabi. Kai takwas da ake gani a littattafai ƙawatawa ce. Idan hannu yana sake, gwiwar hannu tana daidai ƙugu, wuyan hannu daidai gindin cinya, yatsu kuma su sauka kusan tsakiyar cinya. Amma waɗannan lambobin na duba aiki ne kawai. Mutumin da ke gabanki shi za ki auna: ki miƙe hannu gaba ɗaya, ki rufe ido ɗaya, ki ɗora bakin fensir a saman kansa, ki kawo babban yatsa daidai haɓarsa, sannan ki ƙirga sau nawa wannan tsawon ya shiga jikinsa. Da zarar kin lanƙwasa gwiwar hannu ko kin matsa daga inda kike tsaye, awon ya lalace.

Tambaya: Me ya sa malaminmu yake ba mu daƙiƙa 30 kacal mu zana mutum? Ni dai ban ga abin da nake samu ba ban da ɓarnar takarda.

Amsa: Ɓarnar takardar da gangan ce, shi ya sa ake amfani da mai araha da gawayin zane. Abin da ake nema a daƙiƙa 30 ko minti 2 shi ne yadda jikin ya karkata da inda nauyinsa ya sauka. Ka ja layi ɗaya mai tsawo daga kai, ya bi ƙashin baya, ya sauka kan ƙafar da ke ɗauke da nauyi. Ka ƙara layin kafaɗu da layin kwankwaso. Idan mutum ya jingina a ƙafa ɗaya, kwankwason wannan gefen yakan ɗago, kafaɗar gefen kuma ta sauko. Wanda bai kama wannan ba, ko ya shafe awa uku yana gyaran inuwa, mutuminsa zai fito kamar turmi. Ka riƙe gawayin ta gefe, motsi ya fito daga kafaɗarka, ba daga yatsu ba.

Tambaya: Mutanen da nake zanawa kamar za su faɗi. Kuma hannun da aka miƙo wajena ya gagare ni.

Amsa: Na farkon mai sauƙi ne. Ka riƙe fensir a tsaye daga ramin gindin wuya ka ga inda ya sauka a ƙasa. Idan nauyi yana kan ƙafa ɗaya, zai faɗa kusa da idon sawun wannan ƙafar. Idan yana kan biyu, zai faɗa tsakaninsu. Ka gwada haka a zanenka.

Na biyun ya fi wuya, domin ƙwaƙwalwa ta san hannu dogo ne, sai ta tilasta maka ka tsawaita shi alhali idonka gajere yake gani. Ka auna shi da ma'aunin kai, ka yarda da abin da ya ba ka ko da tafin hannun ya fi fuskar girma. Ka zana abin da ya fi kusa da kai tukuna, sauran gaɓoɓin su riƙa ɓuya a bayansa ɗaya bayan ɗaya. Wata dabarar: ka bar hannun, ka zana siffar sararin da ke tsakaninsa da jiki. Ƙwaƙwalwa ba ta da wani tsohon hoto na wannan sararin, don haka ba ta yi maka katsalandan. Kowane minti biyar ka ja baya taku uku ka duba.

Tambaya: Dole ne sai an zana mutum ba tufafi?

Amsa: Tsarin ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, saboda haka ki tambayi sashen kafin a fara zango. Wasu suna amfani da mai sanye da kaya masu kama jiki, wasu kuma suna haɗawa da ƙwarangwal na roba da mutum-mutumi. Abin da ba ya canzawa shi ne sanin wuraren da ƙashi ke taɓa fata: kan kafaɗa, gwiwar hannu, bakin ƙashin kwankwaso, ƙoƙon gwiwa, da idon sawu, wanda na ciki yake ɗan sama da na waje. Ko mutum yana cikin riga mai faɗi, daga waɗannan wuraren ne ninkin yadi ke tasowa. Ki fara zana jikin da layi marar ƙarfi, sannan ki ɗora tufafin a kai.