Lauyana ya amince an soke lasisinsa, ina makomar kuɗina?

Hajiya, saƙonki daga Bronx, a birnin New York, ya iso. Kin ba lauya kuɗin kafin alƙalami, ya yi ta yi miki yau da gobe, yanzu kin ji ya amince an soke lasisinsa, kina jiran kotu ta aiko miki da kuɗinki tunda, a cewarki, ya amsa laifi. A nan ne nake so ki ɗan dakata.

A jihar New York, lauyan da ake bincika yana iya rubuta takardar rantsuwa cewa ba zai iya kare kansa daga zargin ba, kotun ɗaukaka ƙara ta cire sunansa daga rajista. Sai bayan shekara 7 zai iya neman dawowa. Amma wannan zama ba shari'arki ba ce. Tsakaninsa ne da kwamitin ladabtarwa, an yi shi ne don kare jama'a, ke mai kai ƙorafi ce kawai. Kotun tana da ikon umartar sa ya mayar da kuɗi, sai dai ba kullum take yi ba, kuma ban ga takardar hukuncin ba, don haka ba zan yi miki alkawari ba. Ki nemo ta.

Akwai asusun da jihar ta tanada don biyan waɗanda lauyoyinsu suka ci amanarsu, amma abin da yake biya yana da iyaka. Asarar sata yake biya, ba ta sakaci ba. In ya karɓa bai yi komai ba, mai yiwuwa ki samu. In ya yi rabin aiki, ko da na banza ne, maganar na iya komawa jayayya kan ladan aiki. A ƙa'ida ana nema cikin shekara 2 da gano asarar.

Fayil ɗinki kuwa haƙƙinki ne. Doka ta wajabta masa ya sanar da ke an soke lasisinsa ya kuma miƙa miki fayil ɗin, abin da ya kamata a ce ya yi ba sai an roƙe shi ba.

Ƙarar sakaci tana yiwuwa cikin shekara 3, amma wanda ya rasa sana'arsa da wuya a sami abin kamawa a hannunsa. Ni dai da sabon lauya zan sa ya rubuta masa a sasanta, ko da biya kaɗan-kaɗan ne. Kada ki sa hannu a takardar yafe bashi kafin sabon lauyan ya duba, don tana iya toshe miki hanyar asusun. Ki haɗa rasit da saƙonnin waya tun yanzu.