Filin Tambayoyinku: "Say" ko "Tell"?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a sakandare, bana zan zana jarrabawar WAEC. A gwajin makon jiya na rubuta "He said me to come", malamarmu ta ja layi da jan biro a ƙarƙashi. Ina laifin jimlar? Kuma mene ne bambancin "speak" da "talk"?
Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: 'Yata, Hausarki ce ta bi ki har cikin takarda. A ranki kin ce "ya ce min in zo", sai kika ɗora "said" a gurbin "ce", "me" a gurbin "min". Duk shekarun da na yi riƙe da alli, ba kuskuren da na fi cin karo da shi kamar wannan, kuma yana ci mini rai, don ɗalibi ya san abin da yake nufi sarai amma maki ya zube.

"Say" maganar da aka furta take so ta biyo bayanta: "He said he was tired." In kina son ambaton wanda aka yi wa maganar, sai kin saka "to" a tsakani: "He said to me." Ita kuwa "tell" ki ɗauke ta kamar "gaya wa". Idan kika shigo gida kika ce "na gaya" kika yi shiru, ai Inna za ta tambaye ki, "Kin gaya wa wa?" Haka "tell" take neman mutum kusa da ita. Jimlarki ta gyaru ke nan: "He told me to come." Akwai 'yan wuraren da take tafiya ba mutum, irin su "tell a lie", "tell the truth" da "tell a story". Waɗannan haddace su za ki yi.

"Talk" ta fi kusa da hira, kowa na sa baki, kamar ke da ƙawarki kan tabarma bayan isha'i: "We talked for an hour." "Speak" ta fi dacewa da shugaban makaranta yana jawabi a taron safe, kuna tsaye a layi.

Sai ki kula da batun iya harshe. Mu "ina jin Turanci" muke cewa, shi ya sa yara suke rubuta "I hear English", wanda ga Bature kunnenki ne kawai ya ji sautin. Ki rubuta "I speak English" ko "I understand English".

Yau da dare ki rubuta jimla biyar da "told", biyar da "said", gobe ki kai wa malamarku ta duba miki.