Yadda kwamfutoci biyu za su yi amfani da firinta guda

Malam, ka ce kuna da kwamfuta biyu a shago, firinta mai USB kuma guda ce. Abu mai sauƙi: jona ta a kwamfuta ɗaya, ka kunna rabawa a saitin firinta na Windows, ɗayar za ta gan ta muddin suna kan rauta ɗaya, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok guda. Sai dai idan aka kashe kwamfutar da aka jona firintar a jikinta, aiki ya tsaya.

Raba sikana ko makullin manhaja (ƙaramar na'urar USB da wata manhaja ba ta aiki sai an jona ta) kuwa wani zance ne, sai ka sa VirtualHere ko usbip, manhajojin da ke raba na'urar USB ta netwok. Su suna miƙa na'urar ce gaba ɗaya, mutum ɗaya ke riƙe ta lokaci guda. Wajen haɗa kwamfutocin da rauta, ni dai na fi yarda da kebul a kan Wi-Fi.