Kuɗin da za ka riƙe zuwa Masar, da maganar bakshish

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce za ka kai iyali Alƙahira hutun kwana goma, kana so ka san ko dala za ka riƙe, ko yuro, ko ka nemi fam ɗin Masar tun daga gida, sannan me ake ba masu hidima. Sau huɗu na je, biyu da maiɗakina da yara, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Dala ka riƙe. Naira ba ta da kasuwa a can. Fam kuwa kada ka sha wahalar nemansa a kasuwar canji ta Wapa, ko ka samu da tsada za ka saya, kuma dokarsu ba ta yarda a shiga da fiye da fam 5,000 ba. Amma ba kowace dala ba. Ka nemi 'yan ɗari-ɗari sababbi masu shuɗin zare, waɗanda Amurka ta fara fitarwa a 2013, ka duba su ɗaya bayan ɗaya a gaban ɗan canjin. Mai yaga, mai tawada, mai hatimi, duk ka mayar masa. A zuwana na farko wani ma'aikacin banki ya ɗaga takarda uku cikin nawa ya haska, ya turo mini su ta ƙasan gilashi bai ce uffan ba. Tsofaffi ne. Haka na dawo da su gida alhali ina bukatarsu a can.

'Yan'uwanmu na Nijar su kam yuro ya fi musu, tunda sefa a ɗaure take da shi, 655.957 kowane yuro ɗaya.

Canji a banki za ka yi, akwai rassansu a filin jirgi, ko a shagon canji mai lasisi. Tun Maris 2024 da babban bankinsu ya saki fam kasuwa ta yanke darajarsa, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, kasuwar bayan fage ta rasa armashi, ga shi laifi ne a dokarsu. Ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan, ka adana rasit. Ka kuma tafi da katin da ke aiki a waje, don tikitin shiga dalar Fir'auna ta Giza da manyan gidajen tarihi yanzu da kati ake biya. In na'ura ta ba ka zaɓin irin kuɗin da za a cire, ka zaɓi fam.

To, sai bakshish. Ihsanin da muke kira na goro, a Masar ya shiga jinin rayuwa. Mai ɗaukar jaka, mai tsaron takalma a ƙofar masallaci, dattijuwar da ke zaune bakin banɗaki tana miƙa maka takardar goge hannu, duk suna sa rai. Da farko abin ya ɗaure mini kai, har na ji haushi. Daga baya na lura albashin yawancinsu bai taka kara ya karya ba, kuma su kansu Misirawa suna bayarwa, ba baƙo kaɗai ake wa ba.

Abin da zai ba ka wuya shi ne ƙananan kuɗi. Injin cire kuɗi 'yan 200 da 100 yake zubowa, kowa kuma ka miƙa wa sai ya ce "mafish fakka", wato babu canji. Don haka tun a banki ka roƙa a haɗa maka da 'yan 10 da 20 da 50, kuma duk babban kantin da ka shiga ka fasa babbar takarda. Ni aljihu guda nake ware musu, don kada in zaro damin kuɗi a tsakiyar kasuwar Khan el-Khalili. Ka kula, akwai takardar kirshi 50, rabin fam ke nan, kada a haɗa maka ita a matsayin fam 50.

Abin da nake yi: mai banɗaki da mai takalma fam 10 zuwa 20, mai jaka 50, mai gyaran ɗaki 50 kullum, a hannunta, ba ranar tafiya ba, don ma'aikatan suna sauyawa. A gidan abinci za ka ga an ƙara kashi 12 na hidima da 14 na haraji, duk da haka nakan miƙa wa wanda ya kawo abincin wani abu a hannu. Direban da ya wuni da mu da ɗan jagora su nake ba mai kauri. Mai raƙumi a Giza kuwa ku gama ciniki kafin yaro ya hau, har da kuɗin saukowa. Wanda ya cusa maka hidimar da ba ka nema ba, "la, shukran", wato a'a na gode, ta ishe shi.

Roƙona ɗaya: kada ka ba kowa tsabar kuɗin waje. A Luksor wani dattijo mai kwale-kwale ya buɗe mini tafin hannunsa cike da kwabban yuro da Turawa suka ba shi, yana roƙon in musanya masa, domin banki ba ya karɓa. Guminsa ne, amma ba zai sayi burodi da shi ba. Na karɓa na ba shi fam, kwabban suna nan a durowata.

Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya da yara.