Kafin ku fasa kicin ɗin nan, ƙanwata

Assalamu alaikum, ƙanwata. Ya gida, ya shirye-shiryen tafiya? Allah ya sa takardu su fito cikin sauƙi.

Na karanta saƙonki. Kin ce maigidanki ya gama karatu ya samu aiki a nan Turai, kun sayi ɗan ƙaramin gida a hawa na uku na wani tsohon bene, amma kicin ɗin siriri ne: faɗinsa mita 2.1, tsawonsa mita 3.5, ƙofa a wannan ƙarshen, taga a wancan. Kina so a gyara shi tsaf kafin ki iso, a mayar da wurin wanke-wanke ƙarƙashin taga, a jera kabad hagu da dama, kuma kina tambayar nawa ya kamata ku ware.

Shawarata ita ce ku bar famfo da murhu inda kuka same su, kuma kada a fasa komai sai kin zo kin yi girki a ciki na 'yan watanni. Na san ba abin da kika so ji ke nan ba, amma ki bi ni a hankali.

Mu fara da faɗin. Kabad ɗin ƙasa da ake sayarwa a shirye zurfinsa santimita 60 ne, kuma da wannan awon ake ƙera yawancin obin da injin wanke kwanuka. In kika jera shi hagu da dama, santimita 120 sun tafi daga cikin 210 ɗinki, saura 90. Masu tsara kicin a Turai sukan nemi a bar 120 tsakanin layukan biyu, a Amurka kuma ƙa'idar masu sana'ar ita ce inci 42, wato wajen santimita 107, in mutum ɗaya ne ke girki. A takarda 90 kamar ta isa. Amma ki buɗe murfin obin, ya kwanto ya cinye fiye da rabin hanyar, ke kuma kina duƙe da tire mai zafi a hannu, bayanki na jingine da kabad ɗin ɗaya ɓangaren. A nan ne za a ce maigida ya shigo ɗaukar ruwa a firji.

Mafita biyu ce. Ko a yi layi ɗaya kacal, a bar ɗaya bangon da 'yan katakan jera kaya da ƙugiyoyin rataye, ko kuma a yi layi ɗaya mai zurfin 60, ɗayan mai zurfin 35 zuwa 40. Da na biyun hanyarki za ta kai 110 zuwa 115. Ni shi na fi so, domin kabad mara zurfi ba ya ɓoye kaya. Abin da kika ajiye kina ganinsa, ba sai kin fito da gwangwani biyar kafin ki kai ga na shida ba.

Kada ki ɗauka siririn kicin wata naƙasa ce. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara kicin don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus. Faɗinsa mita 1.9, tsawonsa mita 3.4, kin ga naki ma ya fi shi, kuma an girka kusan 10,000 irinsa. Ta yi nazarin kicin ɗin jirgin ƙasa, inda ake ciyar da jama'a daga ɗan matsattsen wuri, ta lissafa takun mai girki, ta kusanto da komai. Yawancin kicin na zamani mai kabad a jere jikokin wannan ne. Abin da ke sa irinsa daɗin aiki shi ne tsarin jeri: firji kusa da ƙofa, sai wurin wanke-wanke, sai kanta, wato shimfiɗaɗɗen saman kabad da ake yanke-yanke a kai, sai murhu. Wannan kantar da ke tsakanin famfo da murhu ita ce zuciyar kicin ɗin, ki ƙwato mata aƙalla santimita 80 ko da wani abu zai rasa wuri.

Yanzu maganar taga. Na fahimci sha'awar, kowa na son yin wanke-wanke yana kallon waje. Sai dai ruwan datti da nauyinsa yake tafiya, babu abin da ke tura shi. Dole bututun ya riƙa gangarowa da kusan santimita 2 a kowace mita har ya kai babban bututun da ya ratsa benen daga sama zuwa ƙasa, kuma wannan babban ba naku ba ne, na duk mazauna ginin ne, ba ya matsawa. In kin kai wurin wanke-wanke mita 3 daga gare shi, sai an nemo wa bututu hanya ta bayan kabad ko a ɗaga daɓen, a ja ruwan zafi da na sanyi, sannan a toshe tsofaffin ramuka. In gangaren bai isa ba, maiƙo ya riƙa kwanciya a ciki ke nan, duk bayan 'yan watanni sai an kira mai gyaran famfo. Ga kuma wani ƙaramin abu da ba a ganinsa a hoto: tagogi da yawa a gidajen Turai ciki suke buɗewa. Na shiga gidan da aka kashe kuɗi aka mayar da famfo ƙarƙashin taga, tagar kuwa tana buɗewa ɗan yatsa huɗu sai ta daki wuyan famfon ta tsaya.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, a ƙasashen nan kuɗin hannu ne ke karya mutum. Bututun kansa ba shi da tsada, awannin mai sa shi ne abin tsoro. Kuma aikin gas, da jan sabuwar wayar lantarki daga akwatin fis, galibi doka ta ce sai mai lasisi, wanda zai ba ku takardar shaida in ya gama. Ku adana takardar nan da kyau. Ranar da aka yi gobara, Allah ya kiyaye, kamfanin inshora zai iya tambayarta, haka ma ranar da za ku sayar da gidan. Za ku haɗu da wani da zai ce zai yi muku a rabin kuɗi ranar Asabar, ba rasit ba takarda. Fenti ko haɗa kabad, to, ku kuka sani. Gas da wuta kam, a'a.

To nawa za ku ware? Adadin zai fito ne daga takardun ƙiyasi, kuma ku karɓi na mutum uku, kowanne a rubuce, kowanne bayan ya zo ya ga wurin da idonsa. Amma kafin ku kira kowa, ku zauna ku yanke abin da za ku iya kashewa ba tare da bashi ya shaƙe ku ba. Daga ciki ku cire kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ku ajiye gefe a matsayin kuɗin ko-ta-kwana, ku manta da shi. Abin da ya rage shi ne kasafinku, kuma shi kaɗai za ku faɗa wa mai aiki. Tsohon gini ba ya nuna ciwonsa sai an cire kabad. A lokacin ne ake ganin bango ya sha ruwa ya yi baƙi, ko waya tsohuwar yayi ce da ba za ta ɗauki obin ba, ko daɓen ya karkace. Wani lokacin ma asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da a da ake sawa a kayan gini, ake tararwa a tsofaffin tayil na roba da gam ɗinsu. Sai a 1999 Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya, Tarayyar Turai kuma a 2005, don haka ginin da ya girmi wannan lokaci a gwada kafin a ɓamɓare daɓensa. Ƙurarsa ce ke illata huhu, kuma kwashe shi aikin ƙwararru ne.

In takardun ƙiyasin sun zo, kada idonku ya tafi kan jimlar ƙasa kawai. Ku duba abin da ba a rubuta ba. Wa zai cire tsohon kicin, wa zai sauko da tarkacen daga hawa na uku, wa zai biya kuɗin zubarwa? Harajin kaya yana cikin jimlar ko sai daga baya za a ɗora? Kawo kaya har cikin gida ne ko a bakin ƙofar bene za a sauke? Masu sayar da kabad ma haka suke: farashin da ke jikin talla na akwatunan ne da ƙofofinsu, sai an zo biya ki ga maɗaukai, wato hannayen buɗe ƙofofin, daban, katakon rufe ƙafafu daban, na rufe gefe daban, na cike giɓi tsakanin kabad da bango daban. Sau da yawa takardar da ta fi araha ita ce wadda ta fi yawan shiru.

Wurin biya kuma, a ba da ɗan kafin alƙalami, sauran a biya kashi-kashi bisa aikin da aka gama, a riƙe kaso na ƙarshe sai an gwada kowace durowa da kowane soket, an cika wurin wanke-wanke da ruwa an sake shi, an sa hannu a ƙarƙashi an ji ba ɗiga. Duk canjin da aka yi a tsakiyar aiki a rubuta shi da kuɗinsa, ko da a saƙon waya ne. "Tunda kana nan, ɗan ƙara mana wannan" ita ce kalmar da ta fi cinye kasafi.

Akwai kuma izini. Gidan naku ne, amma benen ba naku kaɗai ba ne. Huda bangon waje don fitar da hayaƙi, ko rushe bangon da ke tsakanin kicin da falo, sai da yardar masu kula da ginin, kuma in bangon na ɗauke da nauyin bene sai injiniya ya duba. In ba a yarda a huda ba, akwai fankar zuƙe hayaƙi mai tace iska da gawayi ta dawo da ita ɗaki. Tana rage wari amma ba ta fitar da tururi, kuma matatar tana buƙatar canji lokaci-lokaci. Ga mai yawan soye-soye wannan ba ƙaramar magana ba ce a wuri matsattse, balle a lokacin sanyi da ba a iya barin taga a buɗe. A bi tazarar da kamfanin ya rubuta tsakaninta da murhu, galibi wajen santimita 65 ga na lantarki, 75 ga na gas.

Inda zan ce ku saki hannu shi ne abin da ake taɓawa kullum: ƙarafan da durowa ke gudu a kai, maƙalan ƙofofi, kan famfo, da fitila siririya a ƙarƙashin kabad ɗin sama, domin fitilar rufi a bayanki take, inuwarki kike yanka a ciki. A ƙasa ku fifita manyan durowa a kan kabad mai ƙofa. Durowa tana kawo miki kayan, kabad kuwa sai kin durƙusa kin leƙa, kuma ba ki da filin durƙuso. Maɗaukai ma a zaɓi waɗanda ba su turo kai waje ba, in ba haka ba duk wucewa sai sun kamo miki riga. Kabad ɗin sama a kai shi har rufi. Inda za ku matse hannu kuwa, kantar saman kabad ce. Ta dutse tana da kyau, amma ba a auna ta sai an gama kafa kabad, sannan a je a yanko, ku zauna mako ɗaya ko biyu babu famfo. Ta katako mai rufin leda a ranar ake yankawa, kuma in ba a ɗora mata tukunya daga wuta ba tana shekaru. Kafin ma a kai nan, maigida ya buɗe tsofaffin kabad ɗin ya danna katakon ƙasansu, musamman na ƙarƙashin famfo. In bai kumbura ba, ba ya marmashewa, to ƙofofi da kanta kawai za a canza, a yi fenti, kuɗin ya ragu nesa ba kusa ba.

Kin ce kina shirin tahowa da tukwanenki. Ki fara tambaya wane irin murhu ne a gidan. In irin na lantarkin nan ne mai fuskar gilashi da ke aiki da maganaɗisu, tukunyar alminiyam zalla ba ta zafi a kansa ko kaɗan. Gwajin ba wuya: ki manna maganaɗisu a gindin tukunyar, in ya kama za ta yi, in ya faɗi kada ki ɓata kilo ɗin jakarki. Ki kuma auna faɗin babbar tukunyarki, domin murhu mai faɗin santimita 60 ba ya ɗaukar manya biyu gefe da gefe, kuma wannan kaɗai na iya canza tsarin.

Shi ya sa na ce a jira ki. Wanda ba shi zai fi tsayuwa a wurin ba, bai kamata ya yanke tsayin kanta ba. Santimita 90 aka saba, amma doguwa da gajeriya ba ɗaya ba ne, kuma bayanki ne zai gaya miki bayan wata guda. Ga shi watannin farko na sabon zuwa kuɗi ke fita ta ko'ina, kayan sanyi, kujeru, zirga-zirgar takardu. Gyaran ma da aka ce mako biyu yakan kai huɗu, kuma duk tsawon lokacin ko abincin waje kuke saye ko kuna wanke kwanuka a banɗaki.

Abin da maigida zai iya yi tun yanzu shi ne awo, kuma a milimita. Ya auna faɗin a wuri uku, bakin ƙofa da tsakiya da wajen taga, kowanne a ƙasa da tsakiya da sama, domin bangon tsohon gini ba ya miƙewa, kuma mafi ƙanƙantar lamba ita ce gaskiya. Ya nuna inda bututun ruwa da na gas da soket suke, da tukunyar dumama gida in a kicin take, da tsayin taga daga ƙasa da ɓangaren da take buɗewa. Ya kuma duba ko firji zai manne da bango, don in ƙofarsa ba ta wangale sosai ba, durowar ciki ba ta fitowa. Ya zana a takarda ya ɗauki hoto ki turo mini, mu duba tare. Ki gaida mutanen gida.