Littafina na farko na soyayya: ina ya yi kyau, ina ya gaza?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama littafina na farko, na soyayya, na sake shi feji-feji a WhatsApp da Wattpad. Labarin 'yar wata mai ɗinki ne, marainiya, wadda ke son wani malamin firamare, amma kawunta ya dage sai ta auri ɗan wani Alhaji da ya dawo daga Landan. Masu karatu sun yaba, sai dai wata marubuciya da ta girme ni ta ce da sauran aiki, ba ta kuma yi mini bayani ba. Ga shi na turo maka. Ina ƙarfinsa, ina rauninsa? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta shi har ƙarshe, kuma marubuciyar nan gaskiya ta faɗa miki. Masu yabon ma ba ƙarya suka yi ba. Duk inda kika rubuta abin da idonki ya taɓa gani, littafin yana da rai. Inda kika ari abin da kika karanta a wasu littattafai ko kika kalla a fim, nan ne ya yi sanyi.

Dubi babin daren jajiberin sallah. An ɗauke wuta, mahaifiyar tana kan keken ɗinki, yarinyar na haska mata da fitilar waya, ƙanenta na hura gawayin dutsen guga, masu kaya sun cika tsakar gida kowa na cewa nasa za a fara. Sai yaro ya leƙo ya ce ana sallama da wance. Uwar ba ta ɗago kai ba, ba ta kuma kira sunan 'yar ba saboda kunyar 'yar fari, ta dai ce, "Ke, ajiye fitilar nan ki je ki ji." Babu kalmar so ko ɗaya a wurin, amma mai karatu ya gane uwar ta amince da malamin, ya kuma gane ba za ta taɓa furtawa ba. Wannan babin ya fi duk wasiƙun soyayyar da kika cika littafin da su. Haka zancensu a zaure, shi a kan benci ita a bakin tabarma, yana ba ta labarin albashin da bai shigo ba yana dariya don kar ta damu. Na yarda da mutanen nan biyu, na kuma damu da su, abin da ke da wuya marubuci ya samu a karon farko.

Littafin farko yakan zo da irin wannan dukiya, domin mai shi ya daɗe yana tara ta a zuci. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980, shi ma littafinta ne na farko, ga shi har yau ana nazarinsa a jami'o'i. Saboda haka kar kalmar "na farko" ta sa ki raina abin da kika yi.

Rauni ya fara ne daga ranar da ɗan Alhaji ya shigo. Kin ɓata feji guda wajen bayyana motarsa da turarensa da falon gidansu, amma ban san abin da yake tsoro ba, ban san me ya gani a jikin yarinyar ba. Mugu ne kawai daga farko har ƙarshe. Idan abokin takara ba shi da wani alheri ko kaɗan, tauraruwar ba ta da zaɓin da za ta yi, mai karatu kuma ya san ƙarshe tun daga babi na uku. Ki ba shi hali ɗaya mai kyau, ko da ya zama shi ne ya kai mahaifiyarta asibiti ba tare da ya gaya wa kowa ba, ki ga yadda labarin zai yi nauyi.

Batun kawu ya fi wannan girma. Kin nuna ƙanin mahaifiyarta ne, kin kuma sa shi ya ba da aurenta a kan dole. Walicci yana ɓangaren dangin uba, kuma a mazhabar Malikiyya ikon tilasta budurwa na uba ne ko wanda uban ya yi wa wasiyya. Duk wadda ta zauna a islamiyya za ta tsaya a nan ta ce ina baffanninta? Gyaran ba wuya. Ki bar shi a kawunsa, amma ƙarfinsa ya zama na ɗawainiya: shi ya biya kuɗin makarantarta tun rasuwar uban, shi ke kawo buhun masara duk kaka. Irin wannan bashin ya fi tsawa ɗaure mutum, kuma shi ne abin da yake faruwa a gidajenmu.

Tsakiyar littafin ta yi tsawo, kuma na san dalili. A Kano, daga ƙarshen shekarun 1980, marubuta da yawa da kuɗinsu suke buga littafi, sai su raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, cinikin wannan ya buga wancan. Yanzu waya ta gaji tsarin: 'yan guruf na jiran feji kullum, ke kuma dole ki ba su wani abu, sai a sake faɗa, a sake shiri, a sake kuka. Na ga saɓani iri ɗaya har sau 4 tsakanin masoyan. Ɗaya ya isa. Idan kina son horar da hannunki a kan taƙaitawa, gwada gajeren labari irin wanda ake shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa da shi, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙarshen. Kin kashe ɗan Alhaji a haɗarin mota, sannan aka gano malamin ɗan wani attajiri ne da ya ɓata tun yana yaro. Kin shafe littafi guda kina nuna mana talaka ma ya cancanci a so shi, sai kika mayar da shi mai kuɗi kafin ki yarda a ɗaura. Yarinyar kuma ba ta yi komai ba, ƙaddara ce ta yi mata aikin. Ina so in ga ta je gaban baffanta da kanta, murya na rawa, ta faɗi wanda take so, ko da hakan zai jawo kawu ya janye hannunsa daga gidan.

Ƙa'idojin rubutu kuma a duba su: ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta ɓace a wurare da yawa, ga Turanci a bakin tsohuwar da ba ta yi boko ba.

Ki fara da kawu da babin ƙarshe, domin su za su canja sauran. In kin gama, ki kai wa marubuciyar nan waɗannan babi biyu kaɗai, ki roƙe ta ta sa miki alama a daidai layin da ta daina yarda da labarin.