Amsar Baffa ga Auwalu kan masu shiga daji da taswira a tsakiyar sanyi

Auwalu ɗana, saƙonka ya iso ni bayan Isha'i. Hajiya ta sa na karanta mata shi sau biyu, tana ta dariya. Kowa lafiya, na ga mahaifinka ranar Juma'a yana gaishe ka.

Ka ce abokin karatunka a Umeå, can arewacin Suwidin, ya gayyace ka ƙungiyarsu ta orientering, wato wasan gudu a daji ana neman tutoci da taswira da kamfas, kai kuma abin ya ɗaure maka kai. Rana ta faɗi tun kafin ƙarfe biyu, amma mutane su bar ɗaki mai ɗumi, su ɗaura fitila a goshi su nufi daji. Yau suna kan katakan zamiya a dusar ƙanƙara, gobe sun ɗaura wani takalmi mai faɗi kamar faifai, kullum kuma sai an yi atisayen ƙarfafa jiki, alhali gasar da ake wa wannan wahala sai sanyi ya wuce. Ka tambaye ni ko al'ada ce ko taɓin hankali, kuma ko ya dace ɗan Musulmi irinka ya shiga.

Al'ada ce, ta kuma girmi kakanka. Daga horon soja ta fito. Tun 1886 aka fara amfani da kalmar a Suwidin wajen koya wa hafsoshi ratsa ƙasar da ba su sani ba da taswira da kamfas. A 1897 aka yi gasar farko ta farar hula a Norwe, kusa da Oslo. Wanda ya mayar da abin wasan jama'a wani manjo ne, Ernst Killander, da ya ga samari sun fara gajiya da zagaya fili, sai ya kai su daji. Babbar gasar da ya shirya kusa da Sitokholm a 1919 ita ake ɗauka mafarin abin da kake gani yau. Yara kuma tun a makaranta ake koya musu. Don haka abokin naka ba wani abin a zo a gani yake yi ba a wurinsu, kamar a ce yaron Argungu ya iya iyo ne.

Sai ka san cewa dokar ƙasar ta ba su dama. Suna da abin da suke kira allemansrätten, wato kowa na da haƙƙin ratsa daji ko na wane ne, ya tsinki 'ya'yan itace, ya kwana ɗaya a tanti, muddin bai kusanci gidan mutane ba, bai tattaka shuka ba, bai ɓata komai ba. Da na je Uppsala a 1984 na daɗe ina waige-waige a daji, ina jiran mai wurin ya fito da sanda. Ba wanda ya fito.

Yanzu ga abin da ya fi damun ka, me ya sa sai cikin sanyi? Ka ɗauke shi kamar noma. Manyan gasanninsu duk suna zuwa bayan dusar ƙanƙara ta narke: Tiomila, gudun ba-ni-in-ba-ka da ake kwana ana yi tun 1945, Jukola a Finlan cikin watan Yuni, mutum bakwai kowace ƙungiya, a tashi da daddare, sai O-Ringen a watan Yuli, kwana biyar ana fafatawa, iyali su zo da tantinsu har da jarirai da tsofaffi. Wannan shi ne kakarsu. Hunturu kuwa shi ne lokacin huɗa da noman farko, lokacin da ba mai yi maka tafi. Wanda ya kwanta daga Nuwamba zuwa Maris, ranar Tiomila ƙafarsa za ta tona masa asiri tun a tudu na biyu.

Kuma in dusa ta yi zurfi, wasan kansa ba ya yiwuwa yadda ya kamata. Gudu a ciki wahala ce, sannan sawun na gaba yana kai na baya har gindin tutar da ake nema, ƙaramar tutar nan fara da ruwan lemo. Ina amfanin taswira in sawu zai kai ka? Shi ya sa suke raba aikin kashi-kashi.

Katakan zamiya, skidor a bakinsu, su ne uwar tafiyar. Mutum zai yi awa biyu ko uku a kansu, zuciya da huhu suna aiki, hannu da baya da ciki duk suna turawa da sanduna, amma gwiwa ba ta shan dukan da take sha a gudu. Kusan kowane gari na da hanya cikin daji da aka jera wa fitilun lantarki don masu fita bayan an tashi daga aiki. Akwai ma orientering na kan katakan, wanda ake gasar duniyarsa tun 1975. A nan taswirar tana kan wani allo da ake ɗaurawa a ƙirji don hannu biyu suna riƙe da sanduna, hanyoyin dusa kuma an zana su da koren layi sun sarƙe kamar saƙar gizo. Kana sulalawa da gudu, mararraba na zuwa bayan mararraba, dole ka yanke shawara kafin ka iso ta. Ka nemi labarin Tove Alexandersson, 'yar Dalarna, wadda ta ci kambun duniya a na ƙafa da na katako duka biyun. Ita ce hujjar masu cewa ɗaya yana gina ɗaya. In Allah ya kai mu Lahadin farko na Maris, ka kalli gasar zamiya ta Vasaloppet a talabijin, kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, ana yin ta tun 1922. Ranar za ka gane matsayin katakan nan a zuciyarsu.

Takalmin faifai kuwa, gaskiya a zamanina ban cika ganin sa ba, an fi sanin sa da mutanen asali na Kanada. Hikimarsa irin ta tafin raƙumi ce a kan rairayi: faɗi ya raba nauyi, ƙafa ba ta nutsewa. Amfaninsa ga ɗan orientering shi ne yana fitar da shi daga hanyar da aka share, ya koma cikin itatuwa inda wasan yake, yana ɗaga gwiwa sama kamar yadda zai yi cikin fadama da ciyayi in zafi ya zo. A gare ka shi ya fi sauƙin farawa. Wanda ya iya tafiya ya iya shi.

Atisayen kullum kada ka raina shi don ka ga minti goma sha biyar ne a kan tabarma. Dajinsu duwatsu ne da saiwoyi da gansakuka ya rufe, idonka kuma rabinsa yana kan takarda. Targaɗen idon sawu shi ne ciwon gidan. Don haka tsuguno da miƙewa, tsayuwa da ƙafa ɗaya ido a rufe, dogara da gwiwar hannu jiki a miƙe har ciki ya fara rawa, ɗaga diddige a bakin matakala. Kaɗan kullum ya fi a tara a yi da yawa ranar Asabar. Wani dare kuma ba sa fita ko'ina, sai su baza tsofaffin taswirori a kan tebur suna gardamar wace hanya ta fi, a haura tudu ko a kewaye shi.

Bari in ba ka nawa labarin don kada ka maimaita. Fitata ta farko na sa singileti da rigar auduga biyu da wandon jins, ina ganin na yi shiri. Cikin rabin awa na jiƙe da gumi. Sai na riƙe taswira a juye, na yi kudu ina zaton arewa nake yi, na tsaya ina rarraba ido. Tsayuwar nan ce ta kusa kashe ni, don auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, sanyi take kai wa ƙashi. Wata tsohuwa da ta haura saba'in ta same ni ina kaɗuwa. Ba ta yi mini dariya ba. Ta juya mini taswirar ta daidaita da allurar kamfas, ta kama babban yatsana ta ɗora a inda muke, ta ce kada ya bar takardar, duk inda na matsa ya matsa. Ta kuma nuna mini cewa fari a taswirarsu daji ne mai sauƙin ratsawa, rawaya fili, kore sarƙaƙiya. Ni kuwa da na ɗauka fari shi ne fili. Saboda haka ulu za ka sa a jikin fata, riga kan riga marasa nauyi, hula da safar hannu, busasshiyar riga a jaka. In sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, su kansu sukan dakatar da gasar zamiya, kai ma zauna a gida. Kuma kada ka shiga daji kai kaɗai a wannan hunturun na farko.

Batun addini, ban ga abin da zai hana ka ba. Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa a jere cikin ɗan lokaci a watan Disamba, sai ka duba jadawali kafin ka fita. Kamfas ɗin ma zai yi maka rana, alƙibla daga can kudu maso gabas take. Inda za ka yi hattara shi ne bastu, ɗakin zafin nan mai kama da sirace da suke shiga bayan atisaye. Su a wurinsu tuɓewa a ciki ba komai ba ne. Kai ka shiga da gajeren wando ko ka ɗaura tawul, in kuma maza da mata ne a haɗe ka ce ka gode. Ba za su ji haushi ba, mutane ne da ba sa son tilasta wa kowa. Amma kada ka tsallake fika, shan kofi da burodin kirfa da ake yi a ɗakin ƙungiya. Ɗan Suwidin da zai shekara yana wuce ka a matakala bai ce uffan ba, a nan bakinsa yake buɗewa. In an kawo tsiran nama, tambayi na mene ne.

Abin da na fi ji maka tsoro ba daji ba ne, ɗaki ne. Na ga 'yan'uwanmu da duhun nan ya danne, barci ya rikice, karatu ya tsaya. Ka je wurin likita ka yi maganar bitamin D, don fatarmu ba ta samun abin da take buƙata daga ranar can. Sannan ka amsa gayyatar. Kada ka sayi komai tukuna, ƙungiyoyin sukan ara wa sabon shiga kaya, na hannu kuma yana da araha. Ka ce su fara da kai a hanya mafi sauƙi, ko da ta yara ce, ba abin kunya ba ne.

Hajiya ta ce a ɗauko mata hotonka ranar da ka fara hawa katakan, wai tana so ta ga ko faɗuwarka za ta kai tawa. Kamfas ɗina na Silva yana nan cikin akwati, allurarsa ba ta mutu ba; in an samu mai zuwa zan ba da shi a kawo maka tare da yajin da ka roƙa.